Mitar haske da dayal na kyamara: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu koyon hoto a Zariya: ɗaliban Samaru da Kongo da aka ba aikin ɗaukar hoto, yaran situdiyo na Tudun Wada da Sabon Gari, da masu bin biki da suna da hawan sallah. Misalan sun fi karkata ga Canon da Nikon domin su aka fi gani a hannun mutane. Sunayen da ke cikin menu an bar su yadda suke a rubuce a kyamara, tunda da su za ka nemo su.

1. Mene ne layin nan mai lambobi daga −2 zuwa +2 da ke ƙasan tagar leƙe?

Shi ne fuskar mitar haske. A cikin kyamara akwai na'urar da ke auna hasken da ya ratso lensi, sai ta gwada shi da abubuwa uku da ka saita: gudun shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske, da faɗin afaca, wato ƙofar da haske ke bi a cikin lensi, da kuma ISO, wato ƙarfin jin haske da aka saita wa kyamara. Idan alamar tana kan 0, a lissafin kyamara hoton zai fito tsaka-tsaki. Idan ta karkata wajen alamar ɗebewa zai fi haka duhu, idan wajen alamar tarawa ce zai fi haka haske.

Kowane kamfani da irin zanensa. Canon 'yar sanda ɗaya take sawa tana yawo a ƙarƙashin lambobin. Nikon jera sanduna take yi daga sifili zuwa inda awon ya kai, tsawon jerin ne ke nuna maka nisan da ka yi. Sony kuwa a allon baya rubuta M.M. take yi da lamba a gefe, kamar −0.7 ko +1.3, lambar ta riƙa ƙiftawa idan an wuce 2.0. Mitar takan kashe kanta bayan 'yan daƙiƙu saboda batir. Da ka taɓa maɓallin shata rabi za ta dawo.

2. Me lambobin ke ƙirgawa, kuma ɗigo-ɗigon da ke tsakaninsu fa?

Matakai suke ƙirgawa. Mataki ɗaya shi ne ninka haske sau biyu ko raba shi biyu. Don haka +1 ninki biyu ne na abin da mita ta nema, +2 ninki huɗu, −1 kuma rabi. Ɗigo biyun da ke tsakanin kowace lamba da ta gaba sun raba matakin gida uku. Yadda yawancin kyamarori ke fitowa daga kamfani, ƙas ɗaya na dayal sulusin mataki ne, ƙas uku mataki guda.

Ga yadda sulusin ke tafiya: a shata 1/125, 1/160, 1/200, 1/250, a afaca f/5.6, f/6.3, f/7.1, f/8; a ISO 100, 125, 160, 200. Amfanin sanin wannan shi ne ramuwa. Idan ka rage haske da ƙas uku a shata, ka mayar da shi da ƙas uku a afaca, alamar mita za ta koma inda take. A lura, ƙananan kyamarori irin Canon 1300D da Nikon D3200 ISO ɗinsu ba ya tafiya da sulusi. Daga 100 sai 200, sai 400.

3. Me ya sa idan lamba ta ƙaru hoto yake ƙara duhu?

Domin lambobi biyu daga cikin ukun a baibai ake karanta su. Idan ka ga 250 a tagar leƙe, 1/250 na daƙiƙa ake nufi, an dai cire 1/ ɗin ne saboda ƙarancin wuri. To 500 ya fi 250 gajarta, haskensa rabi ne. Cikakkun daƙiƙu kuma ana sa musu alamar ɗauri biyu a sama: 2" daƙiƙa biyu ne, 2 kaɗai kuwa rabin daƙiƙa. Canon tana rubuta rabin daƙiƙa 0"5.

Lambar afaca ita ma rabawa ce: tsawon fokas na lensi, wato milimitan da ke rubuce a jikinsa, ake rabawa da faɗin ƙofar. Shi ya sa f/16 ƙaramar ƙofa ce, f/2.8 babba. Jerin cikakkun matakai shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. ISO ne kaɗai ke tafiya yadda hankali zai ɗauka, babbar lamba ƙarin haske. Wannan saɓani shi ne tushen rikicin juya dayal da ke tambaya ta 6.

4. A M alamar tana yawo da kanta, a Av kuma tana tsaye a sifili. Wanne ne daidai?

Duka daidai ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi rikita masu koyo, domin layi ɗaya aka ɗora wa aiki biyu ba tare da an canza masa kama ba. A M, tsarin da kai kake saita shata da afaca da hannunka, layin rahoto yake ba ka: ga nisan saitinka daga abin da mita ta auna. Ka juya kyamara daga inuwa zuwa rana, lambobin shata da afaca ba za su motsa ba, alamar ce za ta gudu.

A P (kyamara ke zaɓar shata da afaca), da Av ko A (kai ke zaɓar afaca), da Tv ko S (kai ke zaɓar shata), layin umarninka yake nunawa. Kyamara ce ke daidaita haske da kanta, saboda haka alamar ba ta barin sifili sai ka tura ta. Idan ka tura ta +1, ka ce wa kyamara duk abin da ta auna ta ƙara mataki ɗaya a kai, kuma za ta ci gaba da ƙarawa a kowane hoto har sai ka janye. A nan lambar shata ko ta afaca ce ke yawo idan haske ya canza. A Nikon layin ma ba ya fitowa a waɗannan tsare-tsare sai ka sa ƙari ko ragi, ko hasken ya fi ƙarfin saitin. Duk lokacin da mita ta ba ka mamaki, fara duba harafin da dayal ɗin sama yake kai.

5. Na karɓi Nikon na abokin aiki, na ga + a hagu − a dama. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. Tsofaffin Nikon irin D90, D300, D700 da D7000 haka suke fitowa. Daga D4 da D800 na shekarar 2012 kamfanin ya koma sa − a hagu + a dama, kamar yadda Canon da Sony suke yi. A menu mai alamar fensir, a rukunin Controls, akwai Reverse indicators. Nan ake juya shi. Wanda ke aiki da kyamara biyu a wurin biki ya tabbata duka biyun suna fuskantar gefe ɗaya, domin a cikin gaggawa ido ba ya tsayawa karanta alama, gefe kawai yake kallo.

6. Ina juya dayal dama, alamar tana tafiya hagu. Akwai gyara?

Akwai. Masu ƙera kyamara sun tsara dayal ne ya bi lamba: juyi dama, lamba ta ƙaru. Amma kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 3, ƙaruwar lambar shata ko afaca raguwar haske ce, sai alamar ta yi hagu. A Canon mai dayal biyu abin har ya fi haka: a Av juya dayal ɗin baya dama ƙarin haske ne, a M kuma juyin nan ɗaya rage haske yake yi, domin a lokacin afaca yake riƙe da ita. Tsohon zanen Nikon mai − a dama yana bin yatsa daidai, shi ya sa wasu tsofaffin hannu ba sa yarda a juya musu shi.

A Canon nemi Dial direction during Tv/Av a cikin Custom Functions ka mayar da shi Reverse direction. A Nikon nemi Reverse rotation. A sababbin samfura akwai akwati biyu, ɗaya na shata da afaca, ɗaya na ƙari da ragin haske, kowanne ana zaɓarsa daban. Gwajin mai sauƙi ne: sa kyamara a M, leƙa, tura babban yatsa dama. Idan alamar ta bi yatsan, ka dace. Shawararmu ga mai fara koyo ya yi wannan gyara tun kafin hannu ya saba. Wanda ya shekara da shekaru a kan tsohon juyi kuwa gara ya bar shi, kuma kada a taɓa shi ranar aiki. Ba kowace ƙaramar kyamara ce ke da wannan zaɓi ba.

7. Kyamarata dayal ɗaya gare ta. Yaya zan canza afaca a M?

A Canon 600D, 700D, 1300D da 2000D, dayal ɗin da ke bayan maɓallin shata yana canza shata. Danne maɓallin baya mai rubutun Av da alamar +/− da babban yatsa, ka juya dayal ɗin da manuni, sai ya koma afaca. A Nikon D3100 zuwa D3500 da jerin D5000, dayal ɗin yana wajen babban yatsa, maɓallin +/− kuma yana kusa da shata. A Av ko A, wannan maɓalli ɗaya shi ne na ƙari da ragin haske.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sakin maɓallin kafin a gama juyawa, sai ƙas na ƙarshe ya faɗa kan shata ba a sani ba. Mai irin wannan kyamara zai fi samun sauƙi a Av ko A a yawancin aikin waje, ya bar M ga situdiyo da wurin da haske ba ya canzawa.

8. A mai dayal biyu, wanne ke yin me?

A Nikon irin D7000, D610 da D750, na baya shata ne, na gaba afaca, ko a wane tsari kake. A Canon irin 60D, 80D, 6D da 5D, na sama shi ne ke riƙe da babban abin da tsarin ya ba ka: afaca a Av, shata a Tv da M. Zagayayyen na baya afaca ne a M, ƙari da ragi a sauran. Na Nikon ya fi sauƙin haddacewa tunda yatsa ba ya canza aiki. Na Canon ya fi sauri wajen ƙari da ragi tunda ba sai an danne komai ba. Nikon ma tana da irinsa idan aka kunna Easy exposure compensation.

Idan dayal ɗin bayan Canon ya ƙi aiki, kafin a kai wa mai gyara a duba makullin LOCK. A 40D, 50D da 5D Mark II, makunnin yana da matsayi uku, kuma sai an wuce ON zuwa layin da ke gaba dayal ɗin baya yake amsawa.

9. Na sa alamar a sifili, amma farar babbar riga ta fito ruwan toka, fuska kuma ta yi duhu. Me ya faru?

Mita ba ta san abin da kake ɗauka ba. Hasken da ya dawo daga jikin abu take aunawa, kuma an gina ta a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta idan aka gauraya shi zai zama ruwan toka tsaka-tsaki, irin na katin awo mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske. Ranar Idi, idan farar shadda da rawani suka cika hoto, sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa ta rage shi, fari ya koma toka, fuska ta nutse. Idan kuma baƙar abaya ce ko duhun zaure ya cika hoton, sai ta ƙara, baƙi ya koɗe.

Saboda haka sifili wurin farawa ne kawai. Inda fari ya yi yawa, tura alamar zuwa +1 ko +1 da sulusi biyu. Inda baƙi ya yi yawa, −1 ko kusa da haka. Sararin sama na lokacin hazo, wanda yake fari fat, shi ma yana yaudarar mita: mutum a tsaye a gindin Kufena da sama a bayansa zai fito baƙi ƙirin idan ba a ƙara ba. Yadda za a tabbatar farin bai ƙone ba yana tambaya ta 16.

10. Wane irin awo zan zaɓa a cikin ukun ko huɗun da ke menu?

Na farko yana duba dukkan hoton kashi-kashi ya yi lissafi: Canon na kiransa Evaluative, Nikon Matrix, Sony Multi. Nikon FA ta 1983 ce ta fara fito da irinsa. Shi ya dace da yawancin aiki. Center-weighted yana ba tsakiya nauyi. Bai kai na farko wayo ba, amma halinsa ba ya canzawa, ana iya hasashen abin da zai yi. Spot ɗan wuri kaɗan yake aunawa, kashi kaɗan cikin ɗari na hoton.

A Spot akwai bambanci mai muhimmanci. A Nikon yana bin ɗigon fokas duk inda ka kai shi. A yawancin Canon yana tsakiya daram, sai manyan jerin 1D ne ake iya haɗa shi da ɗigon fokas. Canon 1300D da 2000D ba su da Spot, sai Partial mai ɗan faɗi. Kada a bar Spot a kunne a Av a shiga taro: duk lokacin da ɗigon ya sauka kan hula, ko fuska, ko riga, hasken hoto zai yi tsalle.

11. Idan na auna fuska da Spot, a ina zan ajiye alamar?

Ya danganta da launin fatar. Mai duhun fata tsakanin −1 da 0 yake faɗawa, wankan tarwaɗa kusa da 0, mai hasken fata sosai yana haura 0. A auna kunci ko gefen goshi inda ba ya ƙyalli. Mai da zufa suna mayar da haske su ruɗi mita.

Hanya mafi tabbas ita ce auna farin da ke cikin hoton. A M, ɗora Spot kan farar rigar da rana ke duka, juya dayal har alamar ta kai +1 da sulusi biyu ko +2, sai ka bar saitin. Saƙar yadin da aikin wuya za su fito, fuska kuma ta zauna a inda take. Idan babu fari kusa, tafin hannunka a cikin haske iri ɗaya da na mutumin yana kusa da +1.

12. Ina M, ina juya dayal, alamar ta ƙi barin sifili.

ISO ɗinka yana Auto. Duk abin da ka rage a shata, kyamara tana ramawa da ISO, saboda haka layin ya koma irin na umarni da aka yi bayani a tambaya ta 4. Tsari ne mai kyau ga wurin da haske ke canzawa, kamar rakiyar amarya daga tsakar gida zuwa ɗaki, amma sai an sa wa ISO iyaka a menu, misali 3200 ko 6400, gwargwadon abin da kyamarar ke ɗauka kafin hoto ya yi tsaki-tsaki. Alamar za ta bar sifili ne kawai idan ISO ya kai iyakarsa ta sama ko ta ƙasa.

A Nikon maɓallin +/− yana aiki a wannan hali a kyamarori masu dayal biyu. A tsofaffin Canon irin 60D, 6D ta farko da 5D Mark III babu ƙari da ragi a M idan ISO yana Auto. 7D Mark II ta 2014, da 80D da 5D Mark IV na 2016, suna da shi.

13. Tun jiya duk hotunana duhu suke fitowa, ko kuma ɗaya duhu ɗaya haske.

Idan duka duhu ne ko duka haske, ƙari ko ragin da ka sa jiya ne yake nan. Kashe kyamara ba ya goge shi a yawancin samfura. Nemi alamar +/− a tagar leƙe ko allon sama. A Nikon akwai tarko: ragin da aka sa a A yana bin ka zuwa M, ba ya taɓa shata ko afaca, amma yana matsar da sifilin mita. Sai ka daidaita alamar a 0 hoto ya fito duhu. A ƙananan Nikon sai ka koma A ka goge shi, tunda a M maɓallin afaca yake canzawa.

Idan hotuna suna juyawa uku-uku, daidai, duhu, haske, to an kunna AEB na Canon ko BKT na Nikon, wato saitin ɗaukar hotuna a jere da haske daban-daban. A Canon za ka ga sanduna uku a kan layin maimakon ɗaya. Mayar da shi sifili a menu, ko a Nikon danne BKT ka juya dayal har adadin hotuna ya koma 0F.

14. Ban taɓa komai ba, amma alamar tana rawa.

Rawar sulusi ɗaya ba komai ba ce, motsin hannu ne. Idan ta fi haka, duba abu uku. Na ɗaya zum: lensin 18-55 da ke zuwa da kyamara f/3.5 yake buɗewa a 18, amma a 55 bai wuce f/5.6 ba, asarar mataki ɗaya da sulusi ke nan. Idan ka tsaya a f/5.6 ko f/8 tun farko, zum ba zai taɓa haske ba. Na biyu fitila: wutar Najeriya 50 Hz ce, kuma dogon ƙwai da wasu fitilun LED suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, abin da ido ba ya gani. A ɗakin taro, shata mai sauri za ta ba ka hotuna masu bambancin haske da launi. Tsaya a 1/50 ko 1/100, ko ka kunna Anti-flicker idan akwai. Janareto da gudunsa ba ya zama daidai yana ƙara dagula wannan.

Na uku ya shafi kyamara mai madubi, wato wadda tagar leƙenta ke gani ta madubin da ke cikinta, idan tana kan ƙafa uku: idan ido ba ya kan tagar leƙe, haske yana shiga ta baya ya ruɗi mita, hoto ya yi duhu a Av. Canon tana maƙala murfin roba a jikin igiyar wuya saboda wannan, Nikon kuma tana ba da murfin DK-5.

15. Lambobi suna ƙiftawa, ko na ga HI, Lo, FEE. Me suke nufi?

Ƙiftawar 4000 ko 8000 a Av, ko HI a tsohuwar Nikon, na nufin haske ya fi ƙarfin shata: rage ISO ko ka ƙara lambar afaca. Wannan yana yawan faruwa ga mai lensin 50mm a f/1.8 da tsakar rana. Ƙiftawar 30" ko Lo akasin haka ne. Kibiya a ƙarshen layi na nufin ka wuce iyakar abin da layin ke iya nunawa, ci gaba da juyawa har alamar ta dawo. FEE a Nikon na nufin zoben afaca na tsohon lensi ya goce. Mayar da shi kan lamba mafi girma, yawanci 22 ko 16, ka kulle. F−− a Nikon ko F00 a Canon na nufin kyamara ba ta jin lensi: cire shi, goge 'yan ƙarafunan haɗi da busasshen ƙyalle mai laushi, ka mayar har ya yi ƙas. Idan kuma lambobin ne suka yi dishi-dishi, ƙaramin dayal ɗin da ke gefen tagar leƙe ne ya goce. Juya shi har rubutun ya fito tas.

16. A kyamara marar madubi ina ganin hoton kafin in ɗauka. Ina ruwana da mita?

Gaskiya ta rage wahala sosai, kuma ga mai koyo babu abin da ya kai ganin hoto yana duhu yana haske yayin da yatsa ke juyawa. Amma allo yana da nasa hasken. A rana tsaka a Ƙofar Doka zai yi maka kamar hoton ya yi duhu ka ƙara har ya ƙone. Da dare a wurin kamu zai yi maka kamar ya yi kyau alhali ya yi duhu. Cire hasken allo daga Auto, kuma ka dogara da histogiram, zanen tudun da ke nuna rabon duhu da haske a hoton: hagunsa duhu, damansa haske. Idan tudun ya manne da bangon dama ya hau shi, wani fari ya ƙone.

Zebra a Sony tana zana layuka a kan wurin da ya kai iyaka tun kafin ɗauka. Sa ta a 100+ don tsaron fari. A kyamara mai madubi, kunna Highlight alert a Canon ko Highlights a Nikon, wurin da ya ƙone zai riƙa ƙiftawa bayan ɗauka. Ƙyallin takobi ko kwalliyar linzami idan ya ƙifta ba laifi. Idan rawani ne ko kafaɗar riga, rage ƙas ɗaya ko biyu. Duka waɗannan daga hoton JPEG, wanda kyamara ta riga ta sarrafa, ake lissafa su, don haka mai ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto, yana da ɗan sarari fiye da abin da suka nuna.

17. A situdiyo da filasha, alamar tana can ƙarshen −. In bi ta?

A'a. Mita hasken ɗaki take aunawa, ba ta san filasha zai tashi ba. Sa M, ISO 100, shata 1/125 ko 1/160, afaca f/8, sannan ka daidaita da ƙarfin filasha kana duba histogiram. Kada shata ta wuce iyakar haɗuwa da filasha, wadda take 1/200 ko 1/250 a yawancin kyamarori, in ba haka ba baƙin layi zai yanke gefen hoton. A marar madubi tagar leƙe za ta yi baƙi ƙirin da wannan saiti. Kashe Exposure simulation a Canon, ko ka mayar da Live View Display zuwa Setting Effect OFF a Sony.

A wurin biki da dare da filasha a kan kyamara, mitar tana da amfani ta wata hanya: ita ke gaya maka hasken bayan mutane. Ajiye ta tsakanin −1 da −2, filasha ya haska fuskoki, bayan ya fito ba tare da ya zama rami ba. Ƙari da ragin filasha daban yake, alamarsa +/− ce mai walƙiya a gefe.

18. Kyamarori masu lambobi a rubuce a jikin dayal, irin Fujifilm, sun fi sauƙin fahimta?

Wajen koyo, ƙwarai. A jerin X-T, wanda ya fara da X-T1 a 2014, shata tana da dayal ɗinta, ISO nasa, afaca kuma zobe ne a jikin yawancin lensinsu, kowanne da harafin A. Ka sa shata a A ka riƙe afaca, ka samu abin da Canon ke kira Av ba tare da haddace suna ba. Ko kyamara tana kashe kana ganin saitinka. Nikon Df ta 2013 da Zf ta 2023 su ma suna da dayal masu lambobi a rubuce. Tsohon tsari ne: Pentax K1000 ta 1976 allura ɗaya gare ta a gefen tagar leƙe, + a sama − a ƙasa, ka juya zobe har ta tsaya tsakiya. Allura tana nuna nisa da saurin canji a kallo ɗaya, abin da fitilu uku na Nikon FM ta 1977 ba sa yi sosai.

Wajen sauri kuwa, dayal marar rubutu ya fi. Canon T90 ta 1986 ce ta yaɗa dayal ɗin kusa da shata, EOS-1 ta 1989 ta ƙara na baya, kuma dalilinsu shi ne yatsu biyu su yi komai ido bai bar tagar leƙe ba. Dayal ɗin shata mai rubutu cikakken mataki yake tafiya, kuma yakan buƙaci yatsu biyu. Ga masu ɗaukar hoton jafi a Ƙofar Fada, inda doki ke isowa cikin daƙiƙu, dayal biyu da saitin da aka adana a C1 na Canon ko U1 na Nikon sun fi amfani. Fujifilm da kanta ta sa dayal ɗin P, A, S, M a X-S10 da X-H2.

19. Wane atisaye ne zai sa hannu ya saba?

Fita da hantsi ranar da babu hazo, rana a bayanka. Sa M, ISO 100, 1/100, f/16. Wannan tsohuwar ƙa'idar hasken rana ce, kuma a kan bango ko titi mai launi tsaka-tsaki alamar za ta tsaya kusa da sifili. Yanzu buɗe afaca ƙas tara zuwa f/5.6, ka ƙara gudun shata ƙas tara zuwa 1/800, ba tare da cire ido ba. Alamar ta koma inda take, kuma saitin da ka samu ya kusa isa tsayar da doki a guje. Sai ka shiga inuwar bishiya ka ƙirga ƙas nawa ta faɗi; yawanci mataki biyu zuwa uku ne, wato ƙas shida zuwa tara. Kafin kowane juyi faɗi a ranka gefen da alamar za ta bi. Idan kana yawan kuskuren gefe, koma tambaya ta 6.

20. Dayal yana tsallake lamba ko yana komawa baya. Kuma me zan duba idan zan sayi ta hannu?

Ƙura ce ko dattin zufa a cikin ƙarafunan da ke ƙirga juyi, kuma ƙurar hunturu tana saurin kawo shi. Kashe kyamara, cire batir, hura gefen dayal da robar hura iska, share da buroshi mai laushi, sannan ka juya shi gaba da baya sau da yawa. Kada a zuba mai, ko fetur, ko feshin sassauta ƙarfe. Suna narkar da roba su bi cikin allon wuta. Idan bai daina ba, sai mai gyara ya buɗe ya wanke ko ya canza dayal ɗin.

Wajen saye, sa M ka juya kowane dayal a hankali daga 30" har ƙarshe kana kallon allo: kowane ƙas lamba ɗaya, babu tsallake. Juya dayal ɗin sama ka ga harafin da ke allo ya dace da wanda ke kan dayal. Leƙa ka tabbata duk sandunan layin mita suna kamawa, babu wadda ta mutu. Yi gwajin rana na tambaya ta 19. Idan alamar ta kauce fiye da mataki ɗaya, duba ƙari da ragi da irin awon da aka zaɓa, sannan ka mayar da kyamara saitin kamfani ka sake gwadawa. A Canon, Clear all camera settings ba ya goge Custom Functions, sai an goge su daban, kuma a can ne mai ita na farko yakan bar juyayyen dayal. A Nikon masu dayal biyu, danne maɓallai biyu masu koren ɗigo tare na daƙiƙa biyu, sannan ka shiga menu mai alamar fensir ka duba Reverse indicators da Reverse rotation da idonka.